FILIN MANOMA DA MAKIYAYA: Aladuna Suna Ci, Amma Ba Sa Yin Nama

A wannan fili namu kuke aiko mana da tambayoyinku, mu kuwa mu nemo muku amsa gwargwadon hali. A wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo, kuma mun tabbata ba mai takardar kaɗai za ta amfana ba.

TAMBAYA

Takardar ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke wani ƙauye kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna. Bayan gaisuwa, ya ce yana da aladu takwas 'yan wata biyar, ruwa biyu ne, wato na gida da aka haɗa da fararen nan na Turawa. Niyyarsa ya kai su kasuwar Katsit kafin Kirsimeti, ya biya wa yara kuɗin makaranta, abin da ya rage kuma ya ajiye na taki. Yana ba su dusar masara da dusar burukutu da ragowar abincin gida, wani lokaci ya ɗan daka musu ƙuli-ƙuli. Ya ce ci dai suna ci kamar gara, ciki ya yi tulu, amma in ka dafa gadon baya ko cinya sai ka ji ƙashi. Biyu daga cikinsu fatarsu ta yi ɓawo-ɓawo kamar masu ƙazuwa, ɗaya kuma ya fara jan ƙafafun baya. Da ya je shagon abincin dabbobi sai aka nuna masa wani gari wai shi laisin, da wani kuma wai firimis, aka ce su ne maganin abin. Shi ne yake tambaya: shin gaskiya ne, ko kuwa wata dabara ce ta cin kuɗin talaka?

AMSA

To malam, mun gode da wannan takarda, kuma ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya kafin ka zare kuɗinka. Amsar a taƙaice ita ce, laisin da firimis ba yaudara ba ne, abubuwa ne da masu manyan gonaki a duniya duka suke aiki da su. Amma ba su ne abinci ba, gyaran abinci ne, kamar yadda daddawa da gishiri suke gyara miya. In babu miyar, daddawa ba ta da abin da za ta gyara.

Kafin mu ci gaba, mun san da yawa daga cikin masu sauraronmu Musulmi ne, ba sa kiwon alade, addininsu ya haramta musu cinsa. To kada su juya shafi, domin cikin alade da cikin kaza kusan tafiyarsu ɗaya ce, kuma mafi yawan abin da za mu faɗa a nan ya shafi mai kiwon kajin gidan gona. Akwai ma wani gargaɗi can gaba da ya shafi masu tumaki kai tsaye.

ME AKE NUFI DA AMINO ASID?

Kowa ya sha jin malaman asibiti suna maganar abinci mai gina jiki, irin su nama da wake da ƙwai da madara. Abin da ke cikinsu mai gina jikin shi ake kira furotin. To shi furotin ɗin nan ba abu ɗaya ba ne dunƙulalle. An harhaɗa shi ne da wasu ƙananan sinadarai iri 20, kamar yadda ake jera duwatsu kala-kala a yi tsakiya, su ne ake kira amino asid. In dabba ta ci abinci, cikinta yakan warware furotin ɗin ya koma ɗai-ɗai, sannan jiki ya sake jera su yadda yake so, ya yi tsoka da jini da fata da gashi.

Daga cikin 20 ɗin nan, kusan rabi jikin alade yana iya ƙera su da kansa. Amma guda 10 dole a cikin abinci zai same su. A nan ne bambancinsa da saniya ko tunkiya ko akuya yake. Su waɗannan masu tuƙa ne, a cikin tumbinsu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu juya ciyawa da harawa su fitar da amino asid ɗin da dabbar take bukata. Shi ya sa sa zai ci ciyawa da dusa ya yi ƙiba. Alade da kaza ba su da wannan gata. Cikinsu irin na mutum ne, abin da ka zuba a komi shi ne iyakar abin da suka samu.

GARWA MAI HUJI

Ka ɗauki garwa wadda ta huje a tsakiyar cikinta. Ko tulu goma ka juye mata, ruwan ba zai wuce inda hujin yake ba, sauran zuba zai yi a ƙasa. To haka jikin alade yake da amino asid. In guda ɗaya ya gaza, jiki ba zai iya gina tsoka fiye da iyakar wannan ɗayan ba, ko da sauran sun yi yawa. Rarar sai jiki ya ƙone ta, wani sashi ya fita a fitsari, shi ne zarnin nan mai hawa kai da kake ji a ɗakin aladu, wani sashi kuma ya koma kitse. Ka ga ke nan ka sayi abinci da kuɗinka, rabi ya bi kwata.

A abincin da aka yi da masara ko dawa, wanda yake fara gazawa shi ne laisin. Shi ne hujin farko. In ka toshe shi, na gaba su ne tiriyonin da metiyonin da tiriftofan. Wani masanin Jamus mai suna Edmund Drechsel ne ya fara ware laisin daga furotin na madara a shekarar 1889, amma sai a ƙarshen shekarun 1950 wani kamfanin Japan, Kyowa Hakko, ya gano yadda za a yi shi da yawa a masana'anta. Ana ba wasu ƙwayoyin halitta sukari ko sitaci ne su ci, su kuwa su fitar da laisin, a tace shi a busar, kusan kamar yadda madara take zama kindirmo. Saboda haka ba ƙwaya ba ce, ba kuma allurar kumbura dabba ba ce. Wanda ake sayarwa a buhu, a cikin kowane kilo ɗaya akwai laisin na zahiri kamar giram 780.

NAWA ALADE YAKE BUKATA, NAWA KE CIKIN ABINCINKA?

Aladen da ya kai kilo 50 ana shirya shi don kasuwa yana son furotin kamar kashi 14 zuwa 16 cikin 100 na abincinsa, laisin kuwa tsakanin giram 7 zuwa 9 a kowane kilo na abinci. Yana ƙara nauyi, bukatar tana ɗan raguwa. Yanzu dubi abin da ke hannunmu:

Masara: furotin kashi 8 zuwa 9 cikin 100, laisin kamar giram 2 da rabi a kilo. Dawa ma ba ta fi haka ba.

Kek ɗin gyaɗa, wato abin da ya rage bayan an matse mai: furotin wajen kashi 45, amma laisin giram 15 kacal a kilo, kuma metiyonin ɗinsa kaɗan ne.

Kek ɗin waken suya: furotin kashi 44 zuwa 48, laisin kuwa wajen giram 28 a kilo. Wato furotin ɗinsu kusan ɗaya da na gyaɗa, amma laisin ya kusa ninka na gyaɗa.

Garin kifi mai kyau: furotin ya haura kashi 60, laisin fiye da giram 40 a kilo, sai dai tsada, kuma in ya yi yawa a makonnin ƙarshe naman yakan yi ƙarni.

Garin jini daga mahauta: furotin wajen kashi 80, laisin mai yawa ƙwarai, amma ba a wuce kilo 3 a cikin kilo 100, kuma sai an dafa shi sosai an busar.

Garin rogo: yana ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba, kuma sai an jiƙa an shanya shi ya bushe sarai saboda dafin da ke cikinsa.

To malam, dubi abincin aladunka. Dusar masara da dusar burukutu duka harza ce ta fi yawa a cikinsu, wato ɓawon hatsi wanda cikin alade ba ya iya narkarwa sosai. Mai surfe ta cire tsabar, mai burukutu kuma ta tatse sitacin. Shi ya sa cikin ya yi tulu amma baya ya bushe. Wato huji biyu ne a garwarka: ƙarfin abincin bai isa ba, laisin ma bai isa ba. In ka sayi laisin ka barbaɗa a kan dusa zalla, ka toshe ɗaya ka bar ɗaya, kuma za ka dawo kana cewa mai shago ya cuce ka.

GA MISALIN HAƊI NA KILO 100

Ga wani haɗi da ya dace da aladu daga kilo 50 zuwa lokacin sayarwa:

Masara ko dawa, niƙaƙƙiya: kilo 62
Dusar alkama: kilo 18 da rabi
Kek ɗin waken suya: kilo 17
Garin ƙashi: kilo 1 da giram 200
Garin dutsen laimiston ko ɓawon kawa: giram 500
Gishiri: giram 350
Firimis na aladu: giram 250
Laisin: giram 200

In ka lissafa, wannan haɗi zai ba ka furotin kusan kashi 16, da laisin kusan giram 9 a kilo. Da a ce ka cire waken suya ka sa kek ɗin gyaɗa kilo 17, kuma ba ka sa laisin ba, abin da za ka samu bai fi giram 5 da ɗan kai ba. Ka ga inda gizo yake saƙa. In gyaɗa ce ta fi sauƙi a wajenku, ka raba biyu, rabi gyaɗa rabi waken suya, ka ɗaga laisin ya kai giram 300.

Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida da masu haɗa abinci suke aiki da ita idan waken suya ya yi tsada. A cikin kilo 100 na abinci, kana iya cire kilo 5 na kek ɗin waken suya, ka maye gurbinsa da masara kilo 4 da giram 850, da laisin giram 150, aladu ba za su nuna bambanci ba. Amma sau ɗaya ake yin wannan ragi. In ka ci gaba da rage waken kana ƙara laisin, sai huji na biyu da na uku su buɗe, wato tiriyonin da tiriftofan, girma ya tsaya.

In waken suya na gonarka za ka yi amfani da shi, kada ka kuskura ka ba su ɗanye. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari mai hana ciki narkar da furotin. Ka soya shi sama-sama har ƙarnin ya fita ya yi ruwan zuma, ko ka tafasa shi kamar minti 30 ka shanya. In ya ƙone ya yi baƙi kuwa, laisin ɗin ne ya lalace. Ka sani kuma waken da ba a matse mansa ba, in ya yi yawa, kitsen alade yakan yi laushi, mahauta kuwa ba sa son haka. Kek ɗin angurya, wanda masu shanu suke ji da shi, yana da wani dafi da ake kira gosifol mai cutar da alade da kaza, saboda haka kaɗan ake sawa, in ma ka bar shi ya fi.

Wani abin da ya kamata manomi ya sani shi ne akwai masara mai ingantaccen furotin. A shekarar 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano wata masara da laisin da tiriftofan ɗinta suka kusa ninka na sauran. Aka yi shekaru ana gyara ta a cibiyar binciken masara da alkama da ke Meziko, har masana biyu, Surinder Vasal da Evangelina Villegas, suka sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a shekarar 2000 saboda wannan aiki. Ghana ta fitar da irinta mai suna Obatanpa a 1992, a Nijeriya kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da shi da sunan SAMMAZ 14. Wanda ya shuka wannan iri, ya rage sayen laisin, kuma yaransa masu shan kunu su ma sun amfana.

SAI MAGANAR MA'ADINAI

Amino asid su ne tubalin tsoka. Ma'adinai kuwa su ne na ƙashi da jini da fata. Firimis ɗin da aka nuna maka haɗi ne na bitamin da ƙananan ma'adinai waɗanda ake bukata ɗan mitsitsi. Amma manyan guda uku, wato kalsiyam da fosfaras da gishiri, yawanci ba sa cikin firimis, daban ake sa su.

Kalsiyam da fosfaras su ne ƙashi. Alade mai shirin kasuwa yana son kalsiyam kamar giram 5 zuwa 6 a kilo na abinci, fosfaras kuma ƙasa da haka kaɗan. Hatsi da dusa kusan babu kalsiyam a cikinsu. Fosfaras akwai, amma kusan kashi biyu cikin uku nasa a ɗaure yake cikin wani sinadari da ake kira faitet, wanda cikin alade ba ya iya kwancewa, sai ya fita a kashi. Shi ya sa alade mai cin dusa zalla ƙashinsa yake yin laushi, gaɓoɓi su kumbura, jiki ya yi wa ƙafafu nauyi, har ka ga yana jan baya kamar naka. Garin ƙashi yana ba da duka biyun, garin laimiston da ɓawon kawa da ɓawon ƙwai kuwa kalsiyam kaɗai suke bayarwa. In da kanka za ka yi, ka tattara ƙasusuwan shanu daga mahauta, ka ƙona su har su yi fari, ka daka ka tankaɗe. Amma laimiston na abincin dabbobi muke nufi, ban da farar ƙasar da magina suke shafe bango da ita, wannan ƙona baki da ciki take yi. Ka kuma bar aladu su riƙa samun hantsi, domin rana ce take sa jiki ya yi bitamin D mai kai kalsiyam cikin ƙashi. Tun shekarar 1991 aka fara sayar da wani sinadari mai suna faites wanda yake kwance fosfaras ɗin nan da ke ɗaure, kuma yanzu kamfanonin abincin kaji da aladu da yawa suna sa shi don su rage sayen fosfaras.

Wasu sukan ce ai suna ba da kanwa. Kanwa tana da nata amfani ga shanu da dawaki, amma dangin gishiri ce, ba ta maye gurbin garin ƙashi.

Gishiri kuwa giram 300 zuwa 500 a kilo 100 ya isa. In babu shi, alade yakan rage ci, ya riƙa lasar bango. Amma ga inda haɗarin yake: alade ya ci abinci mai gishiri sannan ya rasa ruwa na yini guda ko biyu. Sai ka ga yana zagaye wuri ɗaya, yana tangaɗi, yana faɗuwa kamar mai farfaɗiya, har ya mutu. Babban alade a lokacin zafi yana iya shan lita 10 a yini ko fiye. In ruwa ya yanke musu, kada ka cika komi su sha su ƙoshi a tashi ɗaya, ka riƙa ba su kaɗan-kaɗan. Ka tuna kuma ƙuli-ƙulin kasuwa da ragowar miya da gishirinsu suke zuwa.

Yanzu sai fatar nan mai ɓawo. Abu biyu ne suke kawo haka, kuma kana iya rarrabe su da idonka. In ƙazuwa ce, alade ba ya hutawa da susa, kullum yana goga jiki a bango, kuma in ka leƙa cikin kunne za ka ga datti mai ɓawo. Wannan wata 'yar mitsitsiyar halitta ce take shiga fata, maganinta allurar da malamin dabbobi zai yi. In kuwa fatar ta yi kauri ta tsattsage a ƙafafu da cinya da ƙasan ciki, amma ba ya susa sosai, to ƙarancin sinadarin zinki ne. Tun 1955 masana suka tabbatar da wannan. Abin da alade yake bukata kamar giram 5 ne a kilo 100 na abinci, kuma yana cikin firimis. Abin lura shi ne, in ka cika laimiston ko garin ƙashi fiye da kima, kalsiyam ɗin yakan tare zinki ya hana jiki ɗauka. Wato wanda ya ce bari in ninka garin ƙashi don ƙafa ta yi ƙarfi, sai ya gyara ƙafa ya ɓata fata.

Sauran ƙananan su ne sinadarin ƙarfe na jini, da aidin mai hana maƙoƙo, da siliniyam, da tagulla. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ya fi kama jariran aladu da aka haifa a kan siminti, domin nonon uwa ba shi da shi sosai, shi ya sa ake yi musu allurarsa a cikin kwana uku na farko. Siliniyam kuwa tsakanin abin da yake gyara da abin da yake kisa ba nisa, don haka kada ka ninka firimis wai don su yi saurin girma. Abin da aka rubuta a jikin buhu shi za ka bi.

GARGAƊI GA MASU TUMAKI

Ga gargaɗin da muka yi alkawari. Abincin aladu da firimis ɗinsu sau da yawa ana ƙara musu tagulla, domin tana taimaka wa alade girma. Amma tunkiya ba ta jure tagulla. Takan taru a hantarta a hankali, ba alamar komai, sai rana ɗaya ka ga idon rago ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, kafin a yi wani abu ya tafi. Saboda haka mai turken raguna kada ya sayi firimis na aladu ko na kaji ya zuba musu don an ce yana sa ƙiba. Ya nemi wanda aka rubuta na tumaki ne.

YADDA AKE GAURAYAWA

Giram 200 a cikin kilo 100 abu ne kaɗan ƙwarai. In ka juye shi haka kawai a kan tulin masara, alade ɗaya zai cinye rabon takwas. Ga yadda ake yi: ka haɗa laisin da firimis da gishiri da garin ƙashi da laimiston a cikin dusa kamar kilo 2, ka cuɗa sosai. Sai ka juye wannan a cikin kilo 10, ka sake cuɗawa. Sannan ka baza sauran kayan a kan siminti mai tsabta, ka barbaɗa wannan a kai, ka juya da shebur daga wannan gefe zuwa wancan aƙalla sau huɗu. Kuma ka nemi ƙaramin sikeli, domin mudu da gwangwani awon hatsi ne, ba awon firimis ba.

Wajen saye, ka nemi wanda yake a rufe cikin ledarsa ta kamfani, mai lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda aka ƙulla a farar leda ba suna, ba ka san ko garin rogo aka cuɗa ba, araha kuwa ba ta ado. Ka ajiye shi a inuwa inda ba laima, domin zafi da danshi suna kashe bitamin. Kada ka haɗa abincin da ya wuce na mako biyu. Masara ko kek ɗin gyaɗa da ya yi fumfuna kuwa, kada ka ce ai alade ne komai ci yake yi. Fumfunar tana da dafin da ake kira afalatoksin mai lalata hanta da tsayar da girma, kuma babu firimis ɗin da zai gyara wannan.

ABIN DA GARI BA YA MAGANI

Kafin ka canja abinci, ka fara ba su maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa kake yi wa kiwo. Ka tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira bayan magani kafin a sayar don yanka. Shi kuma mai jan ƙafa, ka ware shi a wuri mai taushi, a zo a duba shi, domin ban da ƙarancin kalsiyam akwai ciwon gaɓoɓi da rauni da suke kawo haka.

Babban abin tsoro kuma shi ne zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a shekarar 1997, ya sake yin mummunar ɓarna a 2020 a babbar gonar aladu ta Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Ba ya kama mutum, amma ba shi da magani, kuma yana iya share ɗaki guda cikin 'yan kwanaki. Yana bin ragowar abinci mai naman alade a ciki, da takalman baƙi, da motocin dillalai. Saboda haka ragowar abincin da za ka ba su ka tafasa shi aƙalla minti 30, kada ka yi garin jini ko na ƙashi da na alade, kada ka bar mai saye ya shiga ɗakin aladunka, kuma wanda ka kai kasuwa bai sayu ba, kada ka mayar da shi cikin 'yan'uwansa kai tsaye. In ka ga aladu suna mutuwa farat ɗaya, ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, su ne za su aika da samfur Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom.

TO, ZAI BIYA KUƊINSA?

Wannan ita ce ainihin tambayarka, kuma ba za mu ce ka yarda da bakinmu kawai ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kana da aladu takwas. Ka ware mara lafiyan, sauran ka raba su gida biyu masu kusan girma ɗaya, ka auna nauyin kowanne ka rubuta. Kashi ɗaya ka ci gaba da ba su abin da ka saba, ɗayan kuma ka ba su sabon haɗin, kana sauyawa a hankali cikin kwana biyar don kada cikinsu ya ɓaci. Ka rubuta kuɗin abincin kowane kashi. Bayan mako huɗu ka sake aunawa, ka raba kuɗin da ka kashe da kilon da suka ƙara. Abin da za ka duba ke nan, wato nawa ka kashe kafin ka sami kilo ɗaya na nauyi, ba nawa ne kuɗin buhu ba.

Alade mai jini mai kyau, a kan abinci mai kyau, yakan ci kilo 2 zuwa 3 a yini, kuma kowane kilo 3 zuwa 3 da rabi na abinci yana ba da kilo ɗaya na nauyi. Ruwa biyu irin naka ba lalle su kai haka ba, na gida zalla kuwa sun fi jinkiri, don haka su ba sai an kashe musu kuɗi da yawa ba. Mai cin dusa zalla yana iya cin ninkin wannan kafin ya ƙara kilo ɗaya, ga kuma watannin da za ka ƙara kana ɗebo ruwa kana share ɗaki. In kuɗinka ba zai kai ga cikakken haɗin ba, ka fara da abin da ya fi muhimmanci: ka mayar da rabin dusar ya zama hatsi, ka sa soyayyen waken suya, da garin ƙashi, da gishiri, da firimis. Laisin ya biyo baya. In ta kama ma, gara ka sayar da biyu yanzu ka ciyar da shida yadda ya kamata, da ka riƙe takwas suna rama.

Kuma kada ka riƙe su fiye da kima. Da alade ya wuce kilo 90 zuwa 100, yawancin abin da yake ƙarawa kitse ne, kitse kuwa ya fi tsoka cin abinci. Dillalan da suke zuwa Katsit ran Alhamis daga kudancin ƙasar nan gadon baya da cinya suke dafawa, ba tumbi ba.

Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsu, ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya. Malam, muna fata in ka yi gwajin nan za ka sake rubuto mana ka gaya mana abin da sikeli ya nuna, domin sauran masu sauraro su ƙaru. Allah ya sa albarka a kiwo, ya ba da kasuwa.